Yadda za ka ziyarci abokinka ɗalibi a Alƙahira, ku zaga gari da dare

Masu tambaya sun yi yawa a kan wannan magana: abokina ko ƙanina yana karatu a Masar, ya ce in zo in ga gari, ta ina zan fara, me zan riƙe, kuma ina ake zuwa idan rana ta faɗi? Na zaɓi Alƙahira ne saboda can yaranmu suka fi taruwa, daga Azhar har sauran jami'o'i, kuma gari ne da bai cika nuna kansa ba sai bayan magariba. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan har ƙarshe: kai hutu ka zo, shi karatu yake yi. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne don ka more garin ba tare da ka cinye masa kuɗin wata ko ka ɓata masa jarrabawa ba.

1. Ku tsayar da lokaci kafin komai

Kada ka sayi tikiti sai ka tambaye shi jadawalin jarrabawarsa. A mafi yawan jami'o'in Masar ana jarrabawar zangon farko a wajen Janairu, ta zango na biyu kuma a Mayu zuwa Yuni. Makonnin da ke gaban waɗannan lokuta ba na baƙo ba ne. Ɗalibi mai kunya ba zai ce maka kada ka zo ba, zai ce "ba komai, ka taho kawai", sannan ya kwana yana karatu bayan kun dawo daga yawo ƙarfe ɗaya na dare. Don haka kai ne za ka tambaya kai tsaye: yaushe za ku gama takarda ta ƙarshe?

Sai yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu daren Alƙahira na da sanyi sosai, musamman a bakin kogi, sai da rigar sanyi mai kauri. Daga Yuni zuwa Agusta ba a iya fita da rana saboda zafi, amma dare ya fi armashi domin kowa sai bayan isha yake fitowa da iyalinsa. Oktoba, Nuwamba da Maris su ne tsaka-tsaki, kuma su nake ba mutum shawara idan zuwansa na farko ne. Watan azumi kuwa wani abu ne daban: tituna cike da fitilun fanus, gari ba ya barci sai an yi sahur. Yana da daɗi ƙwarai, sai dai cunkoso ya ninka, kuma da rana kusan komai a hankali yake tafiya.

Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne. Ke nan daren Alhamis shi ne babban dare, kuma shi ne wanda abokinka zai iya fita ba tare da tunanin lacca da safe ba. Ka shirya zuwanka ya haɗa da Alhamis ko da guda ɗaya.

2. Takardu

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza, da katin allurar shawara. Ɗan Najeriya na neman bizar a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, na Nijar kuma a Yamai. Ka fara nema da wuri, makonni kafin tafiya, domin ba abu ne na kwana biyu ba. Bizar yawon buɗe ido za ka nema, kuma za a so a ga inda za ka sauka da tikitin dawowa.

Gargaɗi: idan ta hannun ejan za ka bi, kada ka ba shi cikakken kuɗi sai ka ga bizar a fasfonka, ka duba sunanka, lambar fasfo da adadin kwanakin da aka ba ka. Katin shawara kuma ka yi na gaskiya, a yi maka allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi. Wanda ya sayi katin bogi yana iya ƙarewa a killace a filin jirgi, abokinsa na tsaye a waje yana jira.

Ka yi hoton shafin fasfo da na biza a takarda, kwafi biyu, ka kuma ajiye a waya.

3. Tikiti, kuɗi da tsaraba

EgyptAir na tashi kai tsaye zuwa Alƙahira daga Kano, Abuja da Legas. Daga Kano tafiyar awa huɗu da wani abu ce. Masar na gaba da mu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu, to ka lura da haka lokacin da kake faɗa wa mai tarbarka lokacin sauka.

Kuɗi ka riƙe dala a hannu, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu. Kada ka dogara da katin naira kaɗai. Tun da aka karya darajar fam ɗin Masar a Maris 2024, dala ɗaya ta koma kusan fam 50, kuma farashin kaya ya yi ta hawa, saboda haka duk lissafin da wani ya ba ka na zuwansa shekara uku baya ya tashi aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi abokinka farashin abu huɗu a wannan makon: kwanon kushari (abincinsu na shinkafa da taliya), kofin shayi a gidan gahawa, motar haya daga unguwarsu zuwa Husaini (unguwar masallacin Husaini a tsohon gari), da ɗakin otal mai tsabta a kusa da su. Da waɗannan za ka iya lissafa kasafin kowane dare. Abin da ka samu ka ninka shi biyu, domin kai za ka biya wa mutum biyu.

A kan wannan zan ɗan tsaya. Ɗalibin da ke zaune a kan abin da gida ke turo masa, ko ɗan alawus na tallafin karatu, idan ka bar shi zai biya kuɗin mota, ya biya abinci, ya biya tikitin shiga, don kada a ce bai karrama baƙo ba. Bayan ka tafi shi zai yi sati biyu yana cin burodi da wake. Ka kashe maganar tun a waya: "Malam, masauki da jagora naka ne, kuɗin fita nawa ne, kada ma mu yi jayayya a gaban mai shago." Idan ya nace, ka bar masa shayin daren farko.

Tsaraba kuwa ka tambaye shi abin da yake kewa. Yawanci ba ya wuce kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, garin kunu, man shanu a roba mai murfi. Kayan nama irin su kilishi da dambu ana iya ƙwace su a kwastan, to kada ka zuba kuɗi da yawa a kansu.

Gargaɗi mai nauyi: da zarar an ji za ka Masar, saƙonni za su fara zuwa daga iyayen wasu ɗalibai. Duk ƙunshin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga jakarka, ko na waye. Magunguna irin su tiramadol haramtattu ne a can ba tare da izini ba, kuma an ɗaure baƙi a kansu. Idan kana shan wani magani na kullum, ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma ka bar shi a gida, ba a shiga da shi.

4. Sauka da masauki

A filin jirgi ka yi abu biyu kafin ka fito: ka canja ɗan kuɗi a rumfar banki, ka sayi layin waya da fasfonka, ko Vodafone, ko Orange, ko WE. Canjin bayan fage laifi ne a dokar Masar, a banki ko shagon canji mai lasisi kawai za ka yi. Ka roƙi a haɗa maka da ƙananan takardu, na fam 10, 20 da 50, domin su za ka fi buƙata da dare.

Ɗalibanmu sun fi zama a Madinatu Nasr, irin su Hayyul Ashir da Hayyus Sabi', wasu a Darrasa bayan masallacin Azhar, wasu kuma a Bu'us, wato gidan kwanan ɗaliban ƙasashen waje na Azhar da ke wajen Abbasiyya. Idan a gidan kwanan ɗalibai yake, kada ka sa ran kwana a can, wurin na da ƙa'idojinsa kuma shi za a hukunta. Idan gidan haya ne da suke zaune su huɗu ko biyar, sai ya nemi yardar abokan zamansa tukuna, ya kuma sanar da bawwab, mai gadin benen, wanda ba abin da ke shiga ko fita bai sani ba. Kwana uku zuwa huɗu a ɗakin ɗalibai ya isa. Idan za ka wuce haka, ka kama otal a kusa. Namiji da zai ziyarci ƙanwarsa, ko mace da za ta ziyarci ɗan'uwanta, otal ne kai tsaye.

5. Abin da za ku shirya kafin ku fita

Ku san yadda za ku dawo kafin ku san inda za ku. Wannan shi ne kuskuren da baƙi suka fi yi. Jirgin ƙasa na metiro layi uku ne, yana da araha da sauri, a farashin 2024 tikiti daga fam 8 zuwa 20 gwargwadon nisa, amma yana rufewa wajen ƙarfe ɗayan dare, kuma bai shiga cikin Hayyul Ashir ba. Ke nan tafiya a metiro ko ƙaramar bas, dawowa a Uber ko inDrive. Mata su sani akwai taragun mata zalla a tsakiyar kowane jirgi, namiji kuma ya kula kada ya faɗa ciki da gudu.

Lambar mota da lambobin Larabci ake rubutawa, irin waɗanda ke ƙasan shafin Alƙur'ani. Ka tuna biyar ɗinsu da'ira ce, sifili kuma ɗigo. Ka duba lamba kafin ka shiga. Farar tasi kuwa, ko dai direba ya kunna mita, ko ku yi ciniki kafin ka zauna.

A aljihu: kwafin fasfo da biza, ƙananan kuɗi, waya mai caji, adireshin masauki a rubuce da Larabci. Abokinka kuma ya ɗauki katin iƙamarsa, wato izinin zama a ƙasar. An tsananta binciken takardun zama na baƙi tun 2024, kuma idan iƙamarsa tana kan sabuntawa, ka bar shi ya zaɓi inda zai iya zuwa da inda ba zai je ba, kada ka matsa. Lambar 'yan sanda 122, ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido 126, motar asibiti 123.

Tun 2020 gwamnati ta sa lokacin rufe shaguna da gidajen abinci, kuma yana bambanta tsakanin rani da hunturu. Shaguna ne ke fara rufewa, gidajen gahawa su biyo baya. Ku yi sayayya da farkon dare, zama ya zo daga baya.

6. Daren farko: unguwa

Kada ku yi nisa. Ku ci abinci a inda ɗalibai ke ci, ku sha ruwan rake a shagon kan kwana, ku taka zuwa titin Abbas al-Aƙƙad ko kantin City Stars idan a Madinatu Nasr kuke. Amfanin wannan dare shi ne ka koyi tsallaka titi, domin motocin Alƙahira ba sa tsayawa. Ka tsaya a gefen abokinka, ka taka lokacin da ya taka, kada ka ja da baya a tsakiya.

7. Dare na biyu: titin Mu'izz da Husaini

Wannan shi ne daren da ka zo dominsa, to a bi shi a tsare. Ku hau layi na uku na metiro ku sauka a Babush Sha'ariyya, ku taka zuwa ƙofar Babul Futuh kafin magariba. Ku yi sallar magariba a masallacin Hakim da ke jikin ƙofar, sannan ku gangara titin Mu'izz, tsohon titi mai gine-ginen tarihi, zuwa kudu. Ta nan ya kamata a fara, ba ta Husaini ba, domin wanda ya fara ta kasuwa yakan gaji da 'yan talla kafin ya ga komai.

Tafiyar ba ta fi kilomita ɗaya ba, amma ku ba ta awa biyu. Bayan magariba ake kunna fitilu a jikin gine-ginen, dutsen ya koma ruwan zuma, zanen da ke jikin hasumiyar ginin Sarki Ƙalawun ya fito ɓaro-ɓaro har ka iya bin layinsa da ido. Matasa na zaune a dakali suna kaɗa garaya irin tasu, mai gasa dankalin Hausa na tura kekensa da hayaƙi na fita ta ɗan bututu, iyalai na ɗaukar hoto. Cikin mafi yawan gine-ginen a rufe yake da dare. Idan kana son shiga, sai ku dawo da rana, kuma abokinka ya zo da katin ɗalibi domin ana yi wa ɗalibai ragi.

Daga nan ku karkata cikin tsohuwar kasuwar Khanul Khalili. A nan ciniki ne. Ka bar abokinka ya yi magana, kai ka yi shiru, kada ka nuna abin ya burge ka. Wanda ya miƙo maka kaya ya ce kyauta ne, ka ce "la, shukran" ka wuce ba tare da ka karɓa a hannu ba. Idan da niyyar sayen turare, carbi ko jallabiya da yawa ka zo, ka bari sai da rana a kasuwar Ataba ko Muski inda Misirawa da kansu ke saye.

Ku yi isha a masallacin Husaini, ko ku bi ta hanyar ƙarƙashin titi ku tsallaka zuwa Azhar. Takalmi ka riƙe a leda ko ka ba mai ajiya ka sallame shi da ɗan canji. Sannan ku zauna a Fishawi, tsohon gidan gahawar nan da ya haura shekara 200, mai manyan madubai a lungu. Ka nemi shayi da na'ana'a, ko karkade wanda shi ne zoɓonmu, ko sahlab, wani abin sha na madara mai zafi, idan lokacin sanyi ne. Da shigarku za a yi muku tayin shisha, kuma ba dole ba ne, kowa na zama da shayinsa kawai.

Gargaɗi: a gidajen abinci da na gahawa da ke filin Husaini ka tambayi farashi kafin ka zauna, ka nemi takardar farashi. Wasu na da mafi ƙarancin kuɗin da dole kowane mutum ya kashe, manyan wurare kuma suna ɗora kuɗin hidima da haraji na kashi 14 a kan abin da ka gani a rubuce. Burodi, salak ko ruwan roba da aka ajiye ba ku nema ba, ku tambaya ko da kuɗi.

Idan an dace da daren da ake wasan tannura a Wikalatul Guri, kusa da Azhar, ku je. Masu rawa ne da faffaɗan siket masu launi suna juyawa ba tsayawa, ana kiɗa da ganguna da algaita. Ba kullum ake yi ba, kujeru kuma kaɗan ne, saboda haka abokinka ya tabbatar da ranar, ku isa tun kafin a buɗe ƙofa.

8. Dare na uku: kogin Nilu da tsakiyar gari

Ku sauka a tashar metiro ta Sadat da ke dandalin Tahrir. Ku fara da ciki: kushari a Abu Tarik da ke titin Shambiliyon, shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da soyayyar albasa, sannan ku bi titin Tala'at Harb ku sayi kayan zaƙi a El Abd idan za ku iya jure layi. Daga nan ku koma gadar Ƙasarun Nil mai gumakan zakuna huɗu, ku taka a ƙafa zuwa tsibirin Jazira. Hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 tana nan, daga samanta ana ganin garin gaba ɗaya. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, kuma daren Alhamis layin lif na da tsawo.

Jirgin ruwa iri biyu ne. Akwai masu inji da fitilu masu walƙiya da kiɗa mai ƙarfi, ana biya kowane kai, a zaga kaɗan a dawo. Akwai kuma faluka mai filafilai, wadda ake haya gaba ɗayanta na awa, ana samunta a bakin kogi ta Garden City ko Ma'adi. Idan hira kuke so da wanda kuka daɗe ba ku haɗu ba, faluka ce taku. Ku gayyaci abokan zamansa su ma, kuɗin jirgin ɗaya ne.

Gargaɗi: kafin ƙafarka ta taɓa jirgin ku daidaita abu uku da mai shi: nawa, na minti nawa, kuma kuɗin na jirgi ne ko na kowane mutum. A biya bayan an dawo, da ɗan tukwici a kai. Haka ma masu keken doki da ke bakin kogi. Hoto kuma kada ka ɗauki 'yan sanda, sojoji, shingen bincike ko ginin gwamnati, kuma unguwar Tahrir da Garden City cike take da su.

9. Inda ba za ka ja shi ba

Alƙahira na da gidajen rawa da mashaya, a titin Haram da wasu manyan otal. Wasu baƙi da sun sauka can suke tambaya. Shawarata ita ce ka bar su. A irin waɗannan wurare ake kawo wa baƙo takardar kuɗin da ta ninka abin da ya zata, a tare ƙofa sai ya biya. Idan rigima ta kai ga ofishin 'yan sanda, kai kana da tikitin komawa, shi kuwa iƙamarsa da gurbin karatunsa ne a kan layi. Haka nan duk wanda ya tare ku a titi da fara'a ya ce zai kai ku wani wuri na musamman, ku gode masa ku wuce.

Za ka iya jin wani yaro ko matashi ya jefo maka kalma a kan launin fatarka. Yana da ciwo, kuma ɗalibanmu na haƙuri da shi shekara da shekaru. Kada ka tsaya ramawa da dare a unguwar da ba ka sani ba. Siyasar ƙasar ma ba abin hira ba ce da direba ko maƙwabcin tebur. Mata su fita a ƙungiya, su zauna a kujerar baya a motar haya, su tura wa wata bayanin tafiyar ta waya.

10. Kafin ka tafi

Ka duba kwanakin bizarka, kada ka wuce ko da kwana ɗaya, domin akwai tara. Ba a fita da fiye da fam 5,000 na Masar, to abin da ya rage a hannunka ka san inda ya fi amfani. Ka yi wa ɗakin cefane: shinkafa, mai, sukari, ganyen shayi, ka cika musu tukunyar gas idan ta yi ƙasa. Ka sallami bawwab. Saƙon da ɗalibai za su ba ka zuwa gida, yawanci littattafai ne masu nauyi, ka auna jakarka tun a ɗaki kuma ka buɗe kowane ƙunshi kamar yadda ka yi da za ka zo. Ka bar gida awa huɗu kafin tashin jirgi saboda cunkoson hanya, idan kuma yana da lacca a wannan lokacin, ka kira mota ka tafi kai kaɗai.